Abin Da Ke Sa Taswira Ta Dushe Kafin Ta Iso Ofis

Duk akawun da ya taɓa riƙe fayil na gonaki a Wurno, ko Raba, ko Goronyo, ya san irin takardar da za mu yi magana a kanta yau. Wasiƙa ce ta zo, ga hatimi, ga sa hannu, ga kuma taswira an maƙala a bayanta. Kome ya cika, sai fa in an kai ido ga taswirar, nan ne za a ga layuka sun yi dishi-dishi kamar hanyar da hazo ya rufe. Lambar fili ba a san ko 38 ce ko 88 ba, sunan ƙauye ya cure wuri guda, layin iyaka da layin magudanar ruwa sun haɗe sun zama abu ɗaya. Malaman makaranta su ma sun san wannan ciwo, domin sau da yawa zanen da ke cikin takardar jarrabawa ya kan iso aji ya riga ya dushe, yara su yi ta karkata takarda suna neman abin da ake tambaya.

In haka ta faru, galibi firinta a kan zarga, ko a ce tawada ta ƙare, ko takardar ce ba ta da kyau. Wani lokaci gaskiya ne. Amma mafi yawan lokaci taswirar ta lalace tun kafin ta kai ga firinta, a hannun wani ma'aikaci wanda bai ma san ya yi ɓarna ba. Injiniya ko mai safiyo ya zana ta a kwamfuta da layuka masu kaifi, sai wani a kan hanya ya juya ta ta koma hoto, daga nan kuwa babu injin da zai mayar mata da abin da ta rasa. Wannan juyi shi ne tushen cutar, wanda ya gane shi kuwa zai iya tsare taswirarsa ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Me Ya Sa Abin Ya Shafe Mu

Gabashin Sakkwato ƙasa ce ta gulbi da fadama. Gulbin Rima ya gangaro ta Goronyo ya wuce ta Wurno, Gulbin Sakkwato kuma ya bi ta gefen Raba, su biyun suka haɗu kusa da birnin Sakkwato. A Goronyo akwai babbar madatsar ruwa wadda aka gama ginawa a 1984, aka buɗe ta a 1992. Tsawon ganuwarta kilomita 12.5 ne, tana kuma iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Daga ruwan Rima manoman rani ke samun shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa. Duk inda aka tsara noman rani kuwa, lalle akwai taswira a bayansa, wadda ke nuna babbar magudana da ƙanananta, da ƙofofin ruwa, da lambar kowane fili da iyakarsa.

Ƙasar fadama ba ta riƙe alama. Shinge ya kan faɗi, turke ya kan tafi da ruwa. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta ci garuruwa da gonaki a kwarin Rima, sun san yadda ruwa ke shafe kunya da iyaka cikin dare ɗaya. In ruwa ya janye, maƙwabta biyu suka tsaya kowa yana nuna inda gonarsa ta tsaya, takarda ce shaidar da ta rage. Tun gyaran mulki na 1976 akawun ƙaramar hukuma ya gaji aikin da akawun En'e ke yi a da, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ɗora wa ƙananan hukumomi ba da izinin riƙon ƙasa na gargajiya a wajen birane. Watau dai takardar nan a ofishinsa take kwana. In ta kasance ba ta karantuwa, to bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Ba Yau Aka Fara Juyar Taswira Ba

Mutanen Wurno suna da tarihi a kan wannan al'amari. A 1824 Kyaftin Clapperton ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zauna a Wurno har ya rasu a can a 1837. Bello ya ba baƙon taswirar ƙasashen nan da kogunansu, aka tafi da ita Ingila, aka buga ta a Landan a 1826 cikin littafin tafiyar Denham da Clapperton, bayan an rage girmanta don ta shiga shafi. Yaya aka rage ta ba ta dushe ba? Domin a zamanin nan babu ɗaukar hoto. Gwanin sassaƙa ne ke zama ya sake jan kowane layi da hannunsa a kan farantin bugu, daidai da sabon girman da ake so.

Haka aka yi ta yi har zamanin En'e. Akawun safiyo ya kan shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan taswira ya bi layukan da alƙalami. In ana son kofe da yawa sai a yi shuɗin bugu, wanda ake ɗora zanen a kan takarda mai magani a sa a rana, kofe ya fito daidai da girman asali. Malamin makaranta kuma ya kan zana taswirarsa da tsinken ƙarfe a kan sitensil, a sa a injin juyi. Aikin yana da wuya, yana da jinkiri, amma a kowane hali layi ake ja, girman zane kuma ba ya sakewa sai da niyya. Da injin fotokofi ya yaɗu, sa'an nan wayar hannu mai kyamara ta biyo baya, juyar takarda ya yi sauƙi ƙwarai, sai dai yanzu hoton layin ake ɗauka maimakon a sake jan sa. Nan ne bambancin yake.

Zane Iri Biyu

Kwamfuta tana ajiye zane ta hanya biyu, kuma tilas ne kowane akawu da kowane malami ya san su.

Ta farko ita ce zanen layi, wanda masu sana'ar ke kira bekta. A nan kwamfuta umarni take ajiyewa, irin na magini sa'ad da za a fitar da harsashin gida: kafa turke a nan, ja igiya kamu 20 gabas, kafa wani turke, juya kudu kamu 15. Wanda ya riƙe wannan kwatance yana iya zana gidan a tafin hannu, ko a allon aji, ko a ƙasa da ainihin girmansa, layin kuwa zai fito a miƙe kowane karo, domin daga umarnin ake sake jan sa. Har layuka masu lanƙwasa, kamar gwiwar gulbi, da lissafi ake riƙe su, lissafin da wani injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, mai suna Pierre Bezier, ya yaɗa a shekarun 1960 don zana jikin mota. Manhajojin da injiniyoyi da masu safiyo ke aiki da su, kamar AutoCAD da QGIS, da zanen layi suke aiki. Fayil irin SVG na zanen layi ne, shi kuwa PDF, wanda kamfanin Adobe na Amurka ya fitar a 1993, yana iya ɗaukar layi da rubutu ba tare da ya lalata su ba.

Ta biyu ita ce zanen ɗigo. A nan kwamfuta ta kan raba fili gida-gida kamar saƙar tabarma, ta ba kowane gida launi guda. In ka tsaya nesa da tabarma mai ado sai ka ga layin adon ya tafi sumul, in ka matso kusa sai ka ga ashe hawa-hawa ne kamar matakala. Duk hoton da kyamara ta ɗauka, da duk takardar da aka sa a sikana, da duk hoton fuskar kwamfuta ko ta waya, zanen ɗigo ne. Fayil irin JPEG da PNG na wannan ɓangare ne.

Zanen ɗigo ba shi da laifi a wurinsa. Hoton mutum ko na gona ba ya yiwuwa sai da shi. Aibinsa guda ne, yawan ɗigonsa a ƙayyade yake tun ranar da aka yi shi. In aka faɗaɗa shi, ɗigon ne ke kumbura, ba wani sabon bayani da ke shigowa, kamar furar da aka ƙara wa ruwa, ƙwarya ta cika amma gero bai ƙaru ba. Juya zanen layi ya koma ɗigo aikin daƙiƙa guda ne. Mayar da ɗigo ya koma layi na ainihi kuwa sai an sake zanawa.

Bari Mu Yi Lissafi

Ana auna kaifin zanen ɗigo da yawan ɗigon da ke cikin inci guda. Don bugu mai kyau a kan nemi ɗigo 300 a inci. Takardar ofis ta yau da kullum, watau A4, faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, saboda haka cika ta da kyau yana bukatar ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo. Fuskar kwamfutar ofis kuwa galibi a kan ƙiyasta ta a ɗigo 96 a inci. Ke nan wanda ya ɗauki hoton fuskar kwamfuta ya buga a takarda ya ba firinta ƙasa da sulusin kaifin da take bukata.

Mu ɗauki taswirar filayen noman rani wadda aka zana a babbar takarda, A1, mai tsawon milimita 841, a ma'aunin 1:5,000, watau milimita guda a takarda mita 5 ne a ƙasa. A ce an ɗauke ta hoto an aika ta waya, hoton ya iso da ɗigo 1,600 a tsawonsa. In aka raba 841 da 1,600, kowane ɗigo ya rufe fiye da rabin milimita na taswirar. Layin iyaka mai kaurin milimita 0.25 bai kai rabin ɗigo ba, don haka sai ya narke cikin farin takarda ya koma toka-toka. Lambar fili mai tsayin milimita 2.5 ba ta sami ko ɗigo 5 cikakku ba, da ɗigo 5 kuwa 3 da 8 kusan kamarsu ɗaya, haka 5 da 6. A ƙasa kuma kowane ɗigo ya tashi mita 2.6. In iyakar maƙwabta biyu tana da tsawon mita 100, kuskuren ɗigo guda ya isa ya ɗauke tsiri mai faɗin mita 2.6 daga wannan kai zuwa wancan. Duk mai noman albasa ya san fangali nawa ke shiga irin wannan tsiri, ya kuma san ba a yafe shi da sauƙi.

Wuraren Da Ɓarnar Ke Aukuwa

Na farko, wurin fitarwa. Mai zane ya gama aikinsa, maimakon ya fitar da PDF sai ya fitar da JPEG don ya ga ya fi saurin buɗewa. Shi JPEG, wanda aka tsara a 1992, don hotunan kyamara aka yi shi. Ya kan yanka hoto gida-gida na ɗigo 8 sau 8 ya zubar da bayanin da yake ganin ido ba zai lura ba, abin da ya fi zubarwa kuwa shi ne kaifin baki, watau ainihin abin da layi da harafi suka dogara a kai. Shi ya sa a kan ga wata ƙura-ƙura a kewayen rubutu. Kowane karo aka gyara aka sake ajiyewa, ƙurar ƙaruwa take.

Na biyu, wurin haɗa rahoto. Akawu yana rubuta wasiƙa a Word, yana son taswira ta shiga shafi na biyu, sai ya buɗe PDF mai kyau ya ɗauki hoton fuskar kwamfuta ya manna. Daga wannan lokaci taswirar ta zama ɗigo. Ko da daga baya ya ajiye rahoton a matsayin PDF, bai gyara kome ba. PDF kamar ambulan yake, abin da aka sa ciki shi zai kai. Ban da haka, Word tana da al'adar matse hotunan da ke cikin takarda don fayil ya yi sauƙi, sai in an hana ta.

Na uku, wurin aikawa. WhatsApp ya zama masinjan ofisoshi da makarantu, amma in aka aika abu a matsayin hoto sai ya rage shi ya matse shi. In wanda ya karɓa ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura wa wani, an sake ragewa.

Na huɗu, wurin bugawa da juyi. A buga kofe ɗaya, a yi fotokofinsa, a yi fotokofin fotokofin, har a kai na biyar. Kowane juyi yana cin siraran layuka, yana cike cikin haruffa.

Akwai kuma na biyar wanda ya fi ɓoyuwa. Wani lokaci mai zane ya zaɓi PDF daidai, amma ya yi wa taswirar ado da launi mai shara-shara ko inuwa. Manhaja irin QGIS, in ta ga ba za ta iya riƙe adon da layi ba, ta kan nemi ta juya shafin duka ya koma hoto.

Gwajin Da Kowa Zai Iya Yi

Kafin ka aika taswira, ko ka karɓe ta ka sa a fayil, buɗe ta ka faɗaɗa sau takwas, ka dubi lamba mafi ƙanƙanta. In ta ƙara fitowa fes, bakinta da kaifi, zanen layi ne, kana iya buga shi a kowane girma. In ta farfashe ta koma gida-gida, ko ta yi hazo, hoto ne. Gwaji na biyu, ka ja linzamin kwamfuta a kan sunan ƙauye kamar za ka kwafe shi. In haruffa suka zaɓu ɗaya bayan ɗaya, rubutun yana nan da ransa. In ba su zaɓu ba, sai ka koma ga gwajin farko ka tabbatar.

A lura kuma, wani dushewar na ƙarya ne. Waya ta kan nuna babban PDF dishi-dishi da farko kafin ta gama jan layukan, siraran layuka kuma su kan ɓace wa ido in an ƙanƙance shafi. In ka faɗaɗa suka dawo, taswirar lafiyarta lau.

Magani

Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya zana taswira shi ya fi kowa iko a kanta. Ya fitar da PDF kai tsaye daga manhajar da ya yi zanen, ya duba kada zaɓin bugawa a matsayin hoto ya kasance a kunne. A QGIS akwai zaɓin da ke tilasta a fitar da kome a matsayin layi, sai a kunna shi, a kuma cire launi mai shara-shara da inuwa, a sa zane-zanen layi a madadinsu. A AutoCAD a fitar da zanen a shimfiɗe da layukansa, ban da inuwa. In akwai hoton tauraron ɗan Adam a ƙarƙashin taswira, shi dole ɗigo ne, sai a fitar da shi a ɗigo 300, a bar iyakoki da lambobi a kansa suna layi.

Mai haɗa rahoto kada ya ɗauki hoton fuska. Ya roƙi mai zane ya ba shi SVG, domin Word ta zamani tana karɓarsa, ko kuwa ya bar taswirar a shafinta na PDF ya haɗa ta da wasiƙar a ƙarshe. In tilas sai hoto, to PNG ya fi JPEG ga layi da rubutu, gama shi ba ya zubar da kome. A shiga zaɓe-zaɓen Word a hana ta matse hotuna, sa'ad da za a ajiye a matsayin PDF kuma a zaɓi na bugawa, a bar na ƙaramin fayil.

Mai aikawa ya aika fayil ɗin a matsayin takarda, watau dokumen, ko da ta WhatsApp ne, domin abin da aka aika ta wannan hanya ya kan isa yadda yake. Kada a ji tsoron kuɗin data. Taswirar layi mai sauƙi galibi ta fi hotonta rashin nauyi, wannan kuwa alheri ne ga ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Mai bugawa ya buga kowane kofe daga fayil na asali. In sai an yi fotokofi, a ware bugu guda mai kyau a rubuta masa alama a baya, kowane kofe daga gare shi za a ɗauka. A tuna kuma firintocin ofis galibi baƙi da fari ne. Magudanar da aka zana da shuɗi da iyakar da aka zana da ja duk toka za su fito. Gara a bambanta su da siffa, wannan layi a miƙe, wancan a tsittsinke.

Tsofaffin taswirorin takarda, na zamanin En'e da bayansa, ba su da fayil na layi. Su sai a sa su a sikana a ɗigo 300, ko 600 in rubutun ƙanana ne, a ajiye a PNG ko TIFF, a adana takardar asali a shimfiɗe inda gara da damshi ba za su kai ba. Kada a dogara ga manhajojin da ke alkawarin kaifafa hoton da ya dushe. Cikon da suke yi ƙiyasi ne, suna iya mai da 3 ta zama 8 mai kyaun gani, a takardar ƙasa kuwa lambar ƙarya mai kaifi ta fi mai hazo haɗari, domin babu mai shakkar ta.

Haruffa Masu Ƙugiya Da Ma'auni

Akwai abubuwa biyu da suka rage. Na farko ya shafi mu masu rubutun Hausa. Tun shekarun 1930 ake buga Hausar boko da ɓ da ɗ da ƙ, amma har yanzu ba kowane samfurin haruffa na kwamfuta ke da su ba. In aka aika takarda ba a cusa samfurin a cikinta ba, kwamfutar mai karɓa za ta sa nata, sai a ga akwati a wurin harafi, ko rubutu ya goce daga mazauninsa. Wasu don gudun haka su kan bar ƙugiyar gaba ɗaya, alhali a zanen magudana "ƙafa 10" awo ne, "kafa 10" kuwa ramuka goma ne. Maganin shi ne a cusa haruffan a cikin PDF. Akwai irin PDF na ajiya, mai suna PDF/A, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 2005, shi kuwa ba ya yarda sai an cusa su. Shi ya fi dacewa da takardun da za su shekara da shekaru a ofis.

Na biyu shi ne ma'auni. Ko zanen layi mai kyau yana iya yin ƙarya in an ƙanƙance shi. In aka matse A1 ta shiga A4, kowane tsawo ya koma kashi 35 cikin 100. Lamba mai milimita 2.5 ta gaza milimita guda, ma'aunin 1:5,000 kuma ya koma wajen 1:14,000, alhali rubutun da ke ƙasan takarda yana nan yana cewa 1:5,000. Wanda ya aza rula ya auna santimita 2 zai ce mita 100 ne, gaskiyar kuwa ta haura mita 280. Ko daga A3 zuwa A4 tsawo ya kan koma kashi 71 cikin 100. Saboda haka a buga da ainihin girma, kada a bar firinta ta daidaita zane da shafi. In babbar takarda ba ta samuwa, mai zane ya raba taswirar shafi-shafi tun daga wurinsa. Kowace taswira kuma ta ɗauki sandar awo a jikinta, domin sanda tana raguwa tare da zane, ba ta ƙarya.

Malamai su kula da wannan ƙwarai. Karatun taswira yana cikin jarrabawar labarin ƙasa ta WAEC da NECO, ana sa ɗalibi ya auna nisa da rula ya juya shi da ma'auni. Yaron da aka horar da taswirar da aka ƙanƙance, layukan tudu da kwari sun cakuɗe, zai yi lissafinsa daidai ya sami amsar da ba daidai ba, ya tashi yana zaton kansa ne ba ya ja. Haka zanen lissafi wanda aka ce a auna gefensa. Kafin a juya takardar jarrabawa, malami ya buga kofe ɗaya ya aza rula a kai, ya amsa tambayar da kansa.

Aikin Akawu Da Malami

Akawu ba ya karɓar wasiƙar da ba ta da sa hannu, ba ya kuma shigar da rasit ɗin da kuɗinsa ba ya karantuwa. Taswira ma ta cancanci wannan tsanani. In ta iso a dushe, a mayar da amsa cikin ladabi, a ce lamba kaza da iyaka kaza ba su fita ba, ana roƙon a aiko PDF daga manhajar da aka yi zanen, a matsayin takarda. Wannan roƙo ba ya cin minti biyar ga mai zane muddin fayil na asali yana hannunsa, amma bayan shekara goma, in an sake masa wurin aiki ko kwamfutarsa ta mutu, ba a san inda za a same shi ba. Don haka kowane ofis ya ajiye fayil ɗin asali a wuri biyu, a rubuta sunan mai zane da ranar zane da girman takardar a littafin ofis.

Kwalejojin horon malamai kuma, inda ake koya wa ɗalibai shirya kayan koyarwa, ya kamata su sa wannan cikin darasi. Awa guda ta isa a nuna wa aji zane iri biyu, a faɗaɗa kowanne sau takwas su gani da idonsu. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su riƙe makarantun Wurno da Raba da Goronyo, a hannunsu kuma akawunan jibi za su koyi karanta taswira.